Yadda ɗan jinkiri ya rikita kwamfutar kumbon NASA a duniyar Mars

A ranar 4 ga Yulin 1997 ne kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi, abin da ke katse aiko da bayanai.

Kwamfutar tana tafiyar da ayyuka da dama a lokaci guda, kowanne da matsayinsa. Sau 8 a kowace daƙiƙa, dole aikin rarraba bayanai ya kammala kafin zagaye na gaba. In ya makara, manhajar ta ɗauka wani abu ya lalace, sai ta sake tayar da komai.

To me ke makarar da shi? Aikin tattara bayanan yanayi, mai ƙaramin matsayi, yakan riƙe makullin wata hanya da suke bi tare. Kafin ya saki, sai ayyuka masu matsakaicin matsayi su ture shi gefe. Babba na jiran ƙarami, ƙarami kuwa an hana shi motsi, agogo na tafiya.

Injiniyoyin cibiyar JPL da ke California sun yi ta gwaji da kwafin kumbon har matsalar ta bayyana. Ashe maganin na cikin manhajar VxWorks tun farko, kunna shi ne ba a yi ba: duk ƙaramin aikin da ya riƙe makulli, a ara masa matsayin babban da ke jiransa har ya saki. Daga nan duniya aka aika gyaran, kumbon ya ci gaba da aiki.