CIWON ƁARIN KAI DA ABIN DA HOTON ƘWAƘWALWA YA NUNA

Gabatarwa

Garin Aliero ya yi suna a kan abubuwa biyu tun kafin a kafa jami'a a cikinsa a shekarar 2006, wato noman albasa da kuma ɗori. Mutum kan zo daga nesa da karyayyar ƙafa, maɗori ya shafa, ya gano inda ƙashi ya rabu, ya ɗora. Karaya ciwo ce da hannu ke iya taɓawa, ido kuma ya gani. Amma akwai wani ciwo da ke kwantar da mata da maza a Jega da Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye da su, wanda ba ya kumburi, ba ya zubar da jini, ba ya kuma sa zazzaɓi. Mai shi kan shige ɗaki ya rufe taga, ya ɗaure kai da ƙyalle, ya ƙi haske, ya ƙi hayaniya, wani lokaci har da amai. Bayan yini ɗaya ko biyu sai ya miƙe garau kamar ba shi ba. Saboda haka wasu kan ce raki ne, wasu su ce iska ce ko sammu. Wannan shi ne ciwon ɓarin kai. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu abin da masana suka gano game da shi tun da aka sami na'urorin da ke leƙa cikin ƙoƙon kai ba tare da an fasa shi ba.

Wane irin ciwo ne?

Sunan da Bahaushe ya ba ciwon ya yi daidai da wanda Galen, likitan nan na zamanin Rumawa, ya ba shi a ƙarni na 2 da harshen Girkanci, wato "hemikraniya", ma'ana rabin ƙoƙon kai. Ciwon kan zo ne lokaci-lokaci, ya ɗauki daga awa 4 zuwa awa 72. Sau da yawa yakan kama ɓari ɗaya, yana sara kamar bugun zuciya, motsi kuma yana ƙara shi. Kimanin mutum ɗaya cikin bakwai a duniya na fama da shi, mata kuma sun ninka maza wajen sau uku. A nan Nijeriya, marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi gida-gida a garin Igbo-Ora, suka binciki kusan mutum 19,000. Sakamakon da suka buga a 1992 ya nuna cewa kimanin biyar cikin ɗari na da ciwon.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon kan sami gargaɗi kafin ya sauka. Mutum kan ga walƙiya ko zane mai karkace-karkace yana ƙyalli a gefen ganinsa, yana faɗaɗa sannu a hankali, ya bar duhu a bayansa. Wani kuma hannunsa ko leɓensa ne zai yi masa yam-yam. Wannan gargaɗi, wanda likitoci ke kira "ora", yakan ɗauki minti 5 zuwa 60. Shi ne ya fi tsorata jama'a, shi ne kuma ya fara buɗe wa masana ƙofa.

Daga zomo zuwa na'ura

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Idan muka kwatanta ta da albasa, akwai mayafi hawa uku da ya lulluɓe ta daga waje, wanda shi ne sanƙarau ke kamawa. Ƙarƙashinsa akwai ɓawo mai launin toka, mai kaurin milimita 2 zuwa 4, inda gani da ji da tunani ke gudana. Can ciki kuma sai farin sashe, wanda tarin wayoyi ne da ke haɗa wannan yanki da wancan. Abin mamaki shi ne ita kanta tsokar ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Zafin yana fitowa ne daga mayafin da jijiyoyin jinin da ke jikinsa, ta hanyar wata babbar jijiya mai rassa uku wadda ke kula da fuska da goshi.

A 1941 wani masani Ba'amurke mai suna Karl Lashley, wanda shi kansa ke da ciwon, ya riƙa zana walƙiyar da yake gani yana duba agogo. Ya lissafa cewa lallai wani abu ne ke tafiya a ɓawon ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, inda cibiyar gani take, da saurin milimita 3 a minti ɗaya. A 1944 kuma Aristides Leão, ɗan ƙasar Birazil, ya ga irin wannan a ƙwaƙwalwar zomo: ƙwayoyin jijiya kan harzuƙa gaba ɗaya, sannan su yi tsit, abin yana bin maƙwabta. Wanda ya taɓa ganin gobarar daji da kaka ya ga misalinsa. Harshen wuta na gaba, toka na baya. Walƙiyar da mai ciwo ke gani ita ce harshen wutar, duhun da ke biyo ta shi ne tokar. Bambancin kawai shi ne a nan ba abin da ya ƙone, domin ƙwayoyin kan farfaɗo su ci gaba da aiki.

Tabbatar da wannan a jikin ɗan Adam sai da na'urori suka zo. An fara ɗaukar hoton kan majiyyaci da na'urar CT a Landan a 1971. Bayanta aka sami MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, kuma ta fi fito da sassa masu taushi. A 1981 Jes Olesen da abokansa a ƙasar Denmak suka nuna cewa a lokacin gargaɗin, raguwar gudanar jini kan faro daga ƙeya ta nufi gaba a hankali. A 2001 kuma Nouchine Hadjikhani da tawagarta a birnin Boston suka kama abin yana faruwa cikin na'urar MRI, suka auna saurinsa ya kai wajen milimita 3 da rabi a minti. Lissafin da Lashley ya yi da fensir da agogo ya tabbata bayan shekara sittin.

Ina ciwon yake farowa?

Tun shekarun 1930 aka riƙa koyar da cewa buɗewar jijiyoyin jinin kai ce ke kawo zafin. Hoto ya raunana wannan ra'ayi. A 2013 masu bincike a Denmak sun ɗauki hoton jijiyoyin mata 19 suna tsakiyar ciwo, suka tarar jijiyoyin wajen ƙoƙon kai ba su buɗe ba, na ciki kuma kaɗan suka buɗe. Tun a 1995 ma, a birnin Essen na Jamus, an nuna cewa wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa kan tashi tsaye lokacin ciwo, kuma ba ya lafawa nan take ko da magani ya kwantar da zafin.

Daɗin daɗawa, a 2016 likitoci biyu a Hambug sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mace ɗaya kullum har kwana 30. Sun ga cewa wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira haifotalamos kan canza aiki tun awa 24 kafin ciwo ya fara. Wannan sashe shi ke kula da yunwa da ƙishirwa da barci da zafin jiki da al'adar mata. Ke nan ba abin mamaki ba ne idan ciwon ya fi tashi a kwanakin farko na azumi, ko a zafin bazara na watan Maris da Afrilu, ko ga ɗan kasuwar Jega da ya yini bai ci ba bai sha ba, ko ga wanda ya saba da goro ko shayi ya rasa. Ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo ba ta son a sauya mata abin da ta saba da shi, kuma wannan hali yakan bi jini, shi ya sa ake samun uwa da 'ya duk suna fama da shi.

Shin ciwon na barin tabo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mutane. A 2004 aka buga sakamakon wani bincike na ƙasar Holan, inda aka ɗauki hoton masu ciwon 295 da marasa shi 140. An sami 'yan ƙananan tabo a ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya a wajen kashi 8 cikin ɗari na masu samun gargaɗi, alhali a marasa ciwon bai kai kashi 1 ba. An kuma ga cewa mata masu ciwon sun fi yawan wasu fararen ɗigo-ɗigo a farin sashe. Bayan shekara tara aka sake ɗaukar hoton mafi yawansu. Ɗigon ya ƙaru a kashi 77 cikin ɗari na mata masu ciwon, da kashi 60 na marasa shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da aka gwada kaifin tunaninsu da riƙon abu a ka, ba a ga ɗigon ya rage musu komai fiye da sauran mutane ba.

Game da ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa, wani bincike na 2007 a Boston ya nuna cewa yankin da ke karɓar saƙon taɓi da zafi ya fi kauri da wajen kashi 21 cikin ɗari ga masu ciwon. Sai dai mutum 24 kawai aka gwada da 12, wannan kuwa adadi ne ƙarami. Har ila yau, binciken tagwaye mata da aka buga a Denmak a 2016 bai sami ƙarin tabo ko ɗigo ba ga masu samun gargaɗi. Akwai kuma tsohuwar tambaya: kaurin ne ya kawo ciwon, ko kuwa ciwon ne ya kawo kaurin, kamar yadda fartanya ke sa wa manomi kanta a tafin hannu? Masana na ci gaba da muhawara a kai.

Ya kamata mai karatu ya lura da cewa duk waɗannan bambance-bambance a tsakanin rukuni da rukuni ake ganinsu. Ba likitan da zai dubi hoton mutum ɗaya ya ce wannan yana da ciwon ɓarin kai. Hawan jini da ciwon suga da tsufa duk suna kawo irin wannan ɗigo. Mafi yawan masu ciwon, hotonsu lafiya lau yake fitowa.

Wa ke bukatar hoto?

Daga Maiyama ko Jega, neman irin wannan hoto na nufin tafiya zuwa babban asibiti a birni, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ga kuɗin mota, ga kuɗin na'ura. Bai kamata magidanci ya sayar da buhunan albasarsa ba a kan abin da ba a bukata. Ana gane ciwon ɓarin kai ne daga bayanin mai shi da kuma gwajin likita. Idan ciwon tsoho ne, yana zuwa yadda ya saba, kuma gwaji bai nuna wata matsala ba, hoto ba zai ƙara komai ba.

Amma ba kowane ciwon kai ne ɓarin kai ba. A garzaya asibiti idan ciwon ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba. Ko ya zo da shanyewar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko sarƙewar magana. Ko da farfaɗiya ko ruɗewa. Ko bayan faɗuwa daga babur. Ko ya fara sabo bayan shekara 50. Ko yana ƙaruwa mako bayan mako. Mai juna biyu da ta ji ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, a auna jininta a ranar, domin yana iya zama share fagen jijjiga. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, ba a kwana da shi a gida. Annobar sanƙarau ta 1996 ta halaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kuma a farkon 2025 cutar ta sake yin kisa a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero.

Kammalawa

Hoton ƙwaƙwalwa ya wanke mai ciwon ɓarin kai daga zargin raki. Ciwonsa na gaske ne, yana da mazauni, yana kuma da hanyar da yake bi. Ilimin ya haifar da magunguna: sumatiriftan ya fito a 1991, sannan daga 2018 aka sami allurai masu toshe wani sinadari da jijiyar nan mai rassa uku ke fitarwa. Waɗannan na da tsada, amma akwai tsofaffin magungunan rigakafi masu sauƙin kuɗi da likita ke iya rubutawa. A guji sayen maganin ciwon kai barkatai a kemis ko wajen 'yan talla, domin shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko haɗin da ke da sinadarin kafin kwana 10, yana iya mayar da ciwon na kullum. Macen da ke samun gargaɗin walƙiya ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, namiji da mace kuma su nisanci taba, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Daga ƙarshe, a sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, da abin da aka ci, da yadda aka yi barci. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wannan ɗan littafi kan gaya wa likita abin da na'urar miliyoyin naira ba za ta gaya masa ba.