Wa Da Ƙane A Fage Ɗaya

Maganarmu ta yau ta ƙwallon ƙafa ce. Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada. Abin da ya ɗauke hankalin samarin Rano da Kibiya da Rurum tun daga la'asar har almuru, wanda kuma hukuma da attajirai suke zuba wa dukiya, lalle ya cancanci dattawa su san yadda ake tafiyar da shi.

Mas'alar ita ce wannan. Babbar ƙungiya takan ajiye wata ƙarama ta yara masu tasowa, tana ciyar da su, tana horonsu, domin in manya sun gaji a sami na maye gurbinsu. Kano Pillars ma tana da irinta, ana ce mata Junior Pillars. To, shin daidai ne a bar irin wannan ƙungiyar ƙanne ta shiga gasar da ake hawa da sauka a cikinta, ta kara da ƙungiyoyin garuruwa masu cin gashin kansu? Gasar ƙasarmu aji-aji ce. Na sama shi ne NPFL, mai ƙungiya 20, sa'an nan NNL a ƙarƙashinsa, kana NLO. Ƙarshen shekara huɗun da suka zo baya a ajin sama su sauka, huɗu daga ƙasa su hau. Watau kowane gurbi da wani ya zauna, wani ne ya rasa.

Masu cewa a bar su suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Kowane mai makaranta ya san titibiri ba ya zama gardi in kullum da ƙolaye yake karatu. Sai ya zauna inda za a kama masa kuskure ba sani ba sabo. Haka yaron da bai taɓa karawa da magidanci mai neman abincin iyalinsa a fili ba, bai san ƙwallo ba tukuna. Mutanen Sifen sun daɗe a kan wannan hanya. A shekarar 2007 Pep Guardiola ya karɓi ƙaramar ƙungiyar Barcelona tana aji na huɗu, ya hau da ita, da ya koma babbar kuwa ya tafi da Busquets da Pedro, waɗanda aka ci kofunan duniya da su.

Amma su ma sai da suka ga abin mamaki kafin su gyara dokarsu. A 1980 Castilla, ƙanwar Real Madrid, ta yi ta kā da manya har ta kai wasan ƙarshe na Kofin Sarki, sai ga ta gaba da gaba da yayarta. Aka ci ta 6 da 1. Wa zai yi tsammanin yaron gida ya kunyata ubangidansa a gaban jama'a? Daga baya aka hana ƙananan shiga wannan kofi. A 1984 Castilla ta zo ta ɗaya a aji na biyu, ba a hau da ita ba, gama doka ta ce wa da ƙane ba su zama aji ɗaya. Jamusawa ma sun yi wa ƙananan iyaka a aji na uku: ƙaramar Bayern ta cinye wannan aji a 2020, aka ba ta kofi, ta zauna inda take. Mutanen Ingila kuwa, da shugaban hukumarsu Greg Dyke ya kawo shawarar a 2014, ƙungiyoyin ƙananan garuruwa suka ƙi ƙememe, maganar ta mutu.

Mu dawo gida, inda abin ya fi shafarmu. A garin Ikenne na jihar Ogun wani attajiri, Kunle Soname, yana da Remo Stars, wadda take ajin sama a 2024, yana kuma da makarantar yara mai suna Beyond Limits. Yaran nan ba na wasa ba ne, don a 2024 sun je Italiya sun ciwo kofin matasa na Viareggio. A wannan shekara aka yi wasannin neman hawa a Inugu, suka sami gurbi a ajin sama tare da Nasarawa United da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Ikorodu City. Sai a sa'an nan maganar ta taso cewa mutum ɗaya ba ya riƙe ƙungiya biyu a aji ɗaya. Wannan doka gaskiya ce, ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa sharhinta: wanda ya kasa hajarsa, ya kuma turo yaronsa ya riƙa yin tayi, ai ya ɓata kasuwa ko da bai yi nufin ha'inci ba. Ranar da wa yake neman maki uku don ya ɗauki kofi, aka haɗa shi da ƙanensa, ko ƙanen ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba mai yarda.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin tsayawa. Gurbin bai koma ga ƙungiyar da ta bi bayansu a fili ba. Yarjejeniya aka yi, ya koma hannun Heartland ta Owerri, alhali kuwa Heartland tana cikin huɗun da suka sauka a shekarar nan. Wanda aka fitar ta ƙofa ya dawo ta taga. Su kuwa waɗanda suka yi shekara suna hawa mota suna kwana a hanya, aka kā da su a Inugu, sun koma gida hannu rabbana, yaran da suka kā da su ma ba su ci moriyar nasarar ba. Heartland ɗin ta sake sauka a 2025, shekarar da Remo Stars ta ɗauki kofin ƙasa karo na farko. A ganina laifin ba na yaran ba ne, na tsari ne. In an san mutum ba zai zauna a rumfa ba, don me za a sa shi cikin masu neman rumfar tun farko?

Akwai kuma maganar tsaro a ƙananan azuzuwa. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa da aka yi a Bauchi, ƙungiyar ƙannen Plateau United ta ci Akurba 79 da nema, a sa'a guda kuma Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, kowace tana so ta fi 'yar'uwarta yawan ƙwallo. Kafin hutun rabin lokaci 7 ne da 6 kacal. Hukuma ta kori 'yan wasan har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10. Ba zaman ƙanne ne ya jawo wannan ba, tun da ɗaya ce kaɗai a cikinsu ƙanwar wata. Amma inda ido ya yi ƙaranci haka, ƙara haɗa dangi a aji ɗaya ƙara wa Barno dawaki ne.

Saboda haka ra'ayina, a bar ƙanne su buga da manya a ajin ƙasa, su sha wuya su goge, amma a rubuta iyakarsu kafin a busa usur na farko: ba su shiga wasannin neman hawa zuwa ajin da yayansu yake, gurbi kuma ba ya sayuwa, na mai bi musu ne a jadawali. A kuma ƙayyade yawansu, kada su cika aji. Gama ƙungiyar ƙanne ba ta da gari. In ta ci ba a kiɗa, in ta faɗi ba mai fasa cin tuwo. Ƙungiyar gari kuwa tana jawo mai mota da mai rake da mai tsire ranar wasa. Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ta hau ajin sama a 2025, jihar Kano ta sami ƙungiya biyu masu iyayengiji dabam-dabam, kowace da jama'arta.

Attajirin da yake tunanin ɗaukar nauyin samarin Rano ko Kibiya ya kai su NLO, kafin ya fitar da ko kwabo, ya nemi a nuna masa takardar dokar gasar ta shekarar, ya duba ƙungiyoyin ƙanne nawa ne a rukuninsa, ya kuma duba abin da ta ce a kan wanda zai gāji gurbi in ɗayarsu ta zo ta ɗaya.