Koyon Tarken Fasaha a Ƙasar Waje: Misali Daga Birnin Landan

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ɗalibin da ya tafi ƙaro ilimi ƙasar waje kan koyi tarken fasaha, watau sharhin da akan buga a jarida game da wasan kwaikwayo ko waƙa ko zane ko sabon littafi. Zan kafa hujja da Landan, inda na yi karatun digiri na biyu. Ra'ayina shi ne, hanyar aiki ana iya koyo ta a can, amma ma'aunin da za a auna fasaharmu da shi sai an nemo shi a gida.

2.0 Matsayin Matarki a Ingila

A Ingila tarke sana'a ce mai zaman kanta. Gidajen wasa kan keɓe dare guda domin 'yan jarida, kuma sharhinsu kan fito nan da nan. Ana ganin tasirinsu a labarin wasan John Osborne mai suna Look Back in Anger, wanda aka fara nunawa a gidan wasa na Royal Court ran 8 ga Mayu 1956. Yawancin jaridun kullum ba su yi na'am da shi ba. Ran Lahadin da ta biyo baya sai Kenneth Tynan ya yabe shi ƙwarai a jaridar Observer, kuma wannan sharhi yana cikin abubuwan da suka ɗaukaka wasan. Ke nan alƙalamin matarki yana iya raya aiki, yana iya binne shi.

3.0 Matakan Koyo

Mataki na farko shi ne kallo. Akan tura ɗalibi gidan wasa ko ɗakin baje zane da ɗan littafinsa, ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. Na biyu, bayani kafin hukunci. Sharhina na farko malaminmu ya maido mini da shi, ya ja layi ƙarƙashin duk inda na ce abu ya yi kyau, ya tambaye ni mene ne shaidata. Na uku, taƙaitawa, domin filin jarida ƙayyadadde ne, edita kuma ba ya jira. Wanda ya saba da rubutun kundi, mai doguwar shimfiɗa, a nan yakan sha wuya.

Mataki na huɗu shi ya fi yi wa Bahaushe nauyi, watau raba aiki da mai aiki. Mun tashi mun tarar da maroƙi yana da makami biyu, yabo da zambo, kuma dukansu mutum suke nufa. Ga kuma kunya da kara, waɗanda kan hana yaro fitar da aibin aikin na gaba da shi. Matarki kuwa tilas ya tsaya tsakani, ya faɗi inda aiki ya gaza ba tare da ya ci mutuncin mai shi ba.

4.0 Inda Haɗarin Yake

Idan ɗalibi ya komo gida da ma'aunin Turawa a hannunsa, sai ya auna waƙar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya ce maimaici ya yi mata yawa. Alhali kuwa amshi shi ne ginshiƙin waƙar baka: shi ke ba makaɗi sararin numfashi da shirya ɗiya na gaba, shi ke jawo masu sauraro cikin waƙar. Haka nan wanda ya nemi tarin kayan kiɗa wajen Ɗan Maraya Jos, bai fahimci cewa gwanintarsa tana cikin kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba. In kiɗa ya sake, dole rawa ta sake.

5.0 Kammalawa

Shawarata ga kwalejojin ilimi ita ce a riƙa tura ɗalibai dandali da gidan biki da wurin tashe, su rubuto sharhi na shafi guda, kowane hukunci da shaidarsa. Wanda ya saba da wannan tun a gida, in ya fita waje zai san abin da zai ɗauko da abin da zai bar wa masu shi.