Masu Haɗa Amfilifaya Ta Bawul Da Hannunsu: Tsohuwar Fasahar Da Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya taso a gidan da ake da tsohuwar rediyo mai akwatin katako zai tuna wani hali nata. In an kunna ta ba ta magana nan take, sai ta ɗan ɗauki zafi tukuna. Abin da ake jira shi ne waɗansu ƙananan kwalaben gilashi da ke cikinta su yi ja. Su ne masu gyara ke kira bawul. Tun da taransista ya shigo aka ɗauka an yi ban kwana da su, amma har gobe akwai mutane a Japan da Turai da Amurka da ke kwana a kan teburi da ƙarfen dalma, suna haɗa amfilifaya ta bawul don sha'awa kawai.

Asalin abin ya haura shekara 100. A 1904 wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera bawul na farko. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara wata 'yar raga ta waya a ciki, kuma ita ce ta buɗe hanyar ƙara ƙarfin sauti. Ga yadda yake aiki: an zuƙe iskar da ke cikin kwalbar, akwai wani ƙarfe da ake gasawa har ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki, su kuma su ruga zuwa wani faranti mai wuta mai ƙarfi. Ragar tana tsakaninsu kamar mai gadin ƙofa. 'Yar ƙaramar wutar da ke ɗauke da sauti in ta taɓa ragar, sai ta riƙa buɗe hanya tana rufewa, babbar wutar kuma ta bi salonta sak. Ka ga ƙaramin sauti ya zama babba ke nan.

Da irin wannan fasaha rediyo ta iso ƙasar nan, lokacin da aka buɗe tashar ZOY a Accra a 1935. Sai a 1947 aka ƙirƙiro taransista a Amurka, ga shi ƙarami, ba ya zafi sosai, ba ya shan wuta. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya kori bawul daga yawancin gidaje.

To, me ya hana masu sha'awa sakin sa? Na ɗaya dai, zanen a fili yake. A 1947 mujallar Wireless World ta Ingila ta buga zanen amfilifayar wani injiniya mai suna Williamson, mutane suka yi ta haɗawa a gidajensu. A 1954 kamfanin Mullard ya fitar da nasa mai suna 5-10, wato bawul 5, ƙarfi wat 10. A 1959 Dynaco na Amurka ya fara sayar da ST-70 a warwatse cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa. Waɗannan zane-zane har yanzu ana aiki da su. Kayan ciki kuma manya ne, ido na ganin su, hannu na kama su, in ɗaya ya lalace a cire shi a sa wani. Kwatanta wannan da wayar hannunka, wadda sai da madubin ƙara girma ake duba cikinta.

Na biyu shi ne sautin kansa. In an auna da na'ura, amfilifaya ta zamani mai kyau ta fi fitar da sauti tsaf ba tare da gurɓata ba. Sai dai irin ɗan gurɓatar da bawul ke yi tana yi wa kunnen mutane da yawa daɗi, suna cewa muryar ta fi taushi. Japanawa ne suka fi kowa riƙo da wannan. Mujallarsu ta Musen to Jikken tana fitowa tun 1924, unguwar Akihabara ta birnin Tokyo kuma ta yi suna da ƙananan shagunan kayan haɗi. Bawul ɗin da suka fi ƙauna shi ne 300B, wanda Western Electric ya fito da shi a 1938. Ƙarfinsa bai wuce wat 8 ba, amma da lasifika mai kyau ya ishi ɗaki.

Mai son farawa yakan soma da ƙarami: ECC83 ɗaya a gaba, EL84 a baya, ya sami wat 4 zuwa 5. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne taransifoma, kuma iri biyu ake buƙata. Ɗaya ta ɗaga wutar gida ta kuma ba da bolt 6.3 na gasa bawul, ɗayar ta sauko da sautin ya dace da lasifika. A nan sai a kula: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wanda ya yi odar taransifoma bai duba wannan ba, hayaƙi zai gani. Waya da dalma da soket da mita ana samun su a kasuwar kayan lantarki irin ta Zongo Lane, amma bawul galibi sai an aiko daga waje.

Ga kuma magana mafi muhimmanci: wannan fa ba wasan yara ba ne. Cikin akwatin akwai bolt 250 zuwa 450, wani lokaci fiye. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, kuma tana iya kashe mutum. Shi ya sa ƙwararru ke sauke wutar tukuna, su auna da mita, sannan su taɓa. In dole sai an auna tana kunne, hannu ɗaya ake sawa, ɗayan yana aljihu, don kada wutar ta ratsa ƙirji. Dole a haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa. Kada kuma a kunna ta babu lasifika a jone, taransifomar na iya ƙonewa.

Wata damuwar ita ce masana'antun bawul sun yi ƙaranci. Akwai JJ Electronic a Sulobakiya, akwai wata a birnin Saratov na Rasha, da waɗansu a China, sai Western Electric da ya dawo da ƙera 300B a jihar Jojiya ta Amurka. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kaya suka yi wuya, farashi ya tashi, masu sha'awa suka shiga saye suna ɓoyewa.

Mu a nan, abin da ke hannunmu shi ne tsofaffin masu gyaran rediyo da suka koyi sana'a tun zamanin bawul. Suna raguwa, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Matashin da ke gyaran waya, in yana son ya fahimci lantarki daga tushe, ya nemi ɗaya daga cikinsu ya zauna kusa da shi. In kuma akwai tsohuwar rediyon kaka a ɗaki, kar a yi saurin miƙa wa masu gwangwan. A kai wa mai gyara ya duba tukuna, don wataƙila bawul ɗinta na da sauran rai.