Malaman wasanni: Masu raino 'yan ƙwallo da ba a kiran su ranar rabon lambar yabo

A ranar 11 ga Agustan 1985, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 16 ta doke Jamus ta Yamma da ci 2-0 a birnin Beijin na ƙasar Sin, ta ɗauki kofin duniya na matasa karo na farko da aka fara gasar. Sebastian Brodrick ne ya jagoranci yaran, Christian Chukwu da Bala Shamaki suna taimaka masa.

Shugaban ƙasa na lokacin, Manjo-Janar Muhammadu Buhari, ya yi musu alƙawarin tukuici. Bayan kwana 16 aka hamɓarar da gwamnatinsa. Sai a watan Janairun 2016, bayan ya dawo mulki a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, aka bai wa 'yan wasan Naira miliyan biyu-biyu. Sun jira fiye da shekara 30.

Duk da wannan dogon jira, su dai an tuna da su. Akwai wasu mutanen da ba a taɓa yi musu alƙawarin ba balle a cika: malaman wasanni na makarantun sakandare, waɗanda yawancin 'yan ƙwallon ƙasar nan suka fara jin usur daga bakinsu.

Wane ne malamin wasanni?

A makarantun gwamnati na Arewa, horar da 'yan ƙwallo ba muƙami ba ne mai albashi na daban. Malami ne mai darasi a aji, wani lokaci na ilimin motsa jiki da lafiya, wani lokaci ma na lissafi ko tarihi, sai shugaban makaranta ya ɗora masa kula da wasanni. Wasu sun yi karatun fannin a kwalejojin ilimi, wasu kuwa sha'awa ce kawai da tsohon taka leda.

Aikin yakan fara ne bayan sallar La'asar, lokacin da sauran malamai suka koma gida. Shi zai zaɓi 'yan wasa a gasar gida-gida ta makaranta, ya sa a share fili, a zana layi da toka ko farar ƙasa, a kafa sanduna. Shi ne alƙalin wasa, shi ne mai ɗaure targaɗe. Idan ƙwallo ta fashe, sau da yawa daga aljihunsa ake ɗinke ta. Haka nan shi zai je ya durƙusa gaban uban da ke ganin tamaula shashanci ce, ya roƙi a bar yaro ya bi tawaga zuwa wani gari, ya kuma ɗauki amanar dawo da shi lafiya.

Wannan al'ada tana da tushe a Katsina. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zauna a Zariya da sunan Barewa, ta ɗauki wasanni a matsayin wani ɓangare na tarbiyya. A can Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya ƙware a wasan ƙwallon bango da Turawa suka kawo, wanda har yau ake bugawa a Katsina. Malamai ne suka koyar da shi.

Waɗanda aka karrama

Masu horarwar da Najeriya ta ɗaukaka su ne waɗanda suka karɓi yaran a matakin ƙarshe. Sau biyar ƙasar ta ɗauki kofin duniya na matasa: a 1985, sai 1993 a Japan ƙarƙashin Fanny Amun, da 2007, da 2013, da kuma 2015.

Yemi Tella, wanda ya ci kofin 2007 a Koriya ta Kudu, malami ne a Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Ya jagoranci tawagar yana fama da ciwon daji, ya rasu a watan Oktoban shekarar, makonni kaɗan bayan dawowa gida. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba shi kyautar gwarzon mai horarwa na 2007 bayan rasuwarsa.

Ɗaya daga cikin mataimakansa shi ne Manu Garba, ɗan asalin Gombe. Shekara shida bayan nan Manu ya kai tasa tawagar Hadaddiyar Daular Larabawa, ta lallasa Meziko da ci 3-0 a wasan ƙarshe. Musa Muhammed ne kyaftin, Kelechi Iheanacho kuma ya zama gwarzon gasar. Mataimakin Manu, Emmanuel Amuneke, shi ya sake ɗauko kofin a 2015 a Chile, inda Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan masu horarwa ya cancanci yabon da ya samu. Amma yaron da ya iso sansanin ƙasa ya riga ya iya riƙe ƙwallo, ya san tsayuwarsa a fili, ya saba da bin umarni. Wani ne ya koya masa tun yana aji ɗaya, a filin makaranta ko na unguwa, kuma ba a rubuta sunan wannan mutum a ko'ina.

A Amurka ba haka abin yake ba. Tun 1982 ƙungiyar da ke kula da wasannin makarantun sakandare na ƙasar ta buɗe zauren girmamawa, inda duk shekara ake shigar da masu horarwa da 'yan wasa da alƙalai, a adana tarihin wasannin da suka ci da shekarun da suka yi suna aiki. Jihohi da dama ma suna da nasu.

Filin da ya yi shiru

A kudancin Jihar Katsina, maganar ta wuce ta lambar yabo. A daren 11 ga Disambar 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji. An sako 344 a ranar 17 ga watan. Gwamna Aminu Bello Masari ya bayar da umarnin rufe makarantun kwana, wasu jihohin Arewa suka bi sahu.

Makarantun kwana kuwa su ne ƙashin bayan ƙwallon makaranta. A nan ne yara ke tare da malaminsu safe da yamma, a nan ake samun fili da lokaci. Ɗalibin jeka-ka-dawo da ke tashi daga makaranta ya wuce gona ko kasuwa ba ya samun irin wannan dama.

A watan Fabrairun 2021, Ministan Matasa da Wasanni Sunday Dare ya farfaɗo da gasar kofin shugabannin makarantun sakandare ta ƙasa. A wannan watan ne aka sace ɗalibai a Kagara da ke Jihar Neja da kuma Jangebe a Zamfara. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura. Malamin da ke son haɗa wasan sada zumunta da makarantar garin da ke maƙwabtaka ba shi da wayar kira, ba shi da abin hawa, kuma ba kowane uba ne zai yarda ɗansa ya hau hanya ba.

Sai kuma harin 'Yargoje, a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, a daren 9 ga Yunin 2024. Mazauna garin sun shaida wa kafofin labarai cewa an kashe aƙalla mutum 50, yayin da hukumomi suka bayar da adadin da bai kai haka ba. A garin da aka yi jana'iza irin wannan, lokacin da ya kamata a fita atisaye shi ne lokacin da iyaye ke ƙirga 'ya'yansu kafin magariba.

Wani zai ce ana maganar rayuka, wa ke ta ƙwallo? Tambayar tana kan hanya, kuma tsaro shi ne kan gaba. Sai dai a ƙauyen da babu aikin yi, kuma ƙwaya da 'yan daji ke zawarcin samari, awa biyu da yaro zai yi a fili ƙarƙashin idon babba ba ƙaramin abu ba ne. Malamin wasanni ya kan riga kowa lura idan yaro ya daina zuwa, ko ya sauya abokai. Wasa tsakanin garuruwa kuma na daga cikin 'yan hanyoyin da ke haɗa yaran Hausawa da na Fulani a riga iri ɗaya.

Abin da ba ya buƙatar kuɗi da yawa

A birnin Katsina akwai filin wasa na Muhammadu Dikko, gidan ƙungiyar Katsina United. A Kano, ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON tana shirya gasar Kofin Ramat don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed. Matakala tana nan, ƙasanta ne ya rube.

Gyaran ba sai an jira Abuja ba. Ma'aikatar ilimi ta jiha za ta iya tattara sunayen malaman da suka shekara 20 ko 30 suna wannan aiki, da makarantun da suka yi, da kofunan da suka ci, tun kafin tsofaffin su ƙare. Za a iya ware musu ɗan alawus, a tura matasansu kwas ɗin horarwa, a karrama uku ko huɗu duk shekara a ranar wasan ƙarshe na gasar makarantu. Inda hanya ba ta da aminci, za a iya haɗa makarantu a hedikwatar ƙaramar hukuma, a buga da safe, a tashi kafin azahar. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma suna da rawar takawa, domin su ne suka san wanda ya saya musu takalmin farko.

A 2025 wasu ƙananan hukumomin Katsina sun yi zaman sulhu da 'yan bindiga, lamarin da ya raba kan jama'a. Ko sulhun ya ɗore ko bai ɗore ba, mutanen 'Yargoje da Faskari da Sabuwa suna da nasu ma'aunin zaman lafiya: manomi ya je gonarsa mai nisa ya dawo, kasuwa ta ci har yamma, yara su koma fili bayan La'asar. Ranar da hakan ya tabbata, za a nemi wanda zai busa usur, kuma malamin wasanni za a nema.