Jirgin Tirola da Abin da Ya Raba Shi da Sauran Jiragen Yawo

Ku sani, ya masu karatu, a cikin jiragen ruwa masu inji waɗanda masu hali na Turai da Amurka su ke saye don yawo a teku, akwai wani iri da a ke kira tirola. Kada a rikita shi da tirelar da ke ɗaukar kaya a kan titi. Asalin sunan na jirgin masunta ne wanda ke jan taru a bayansa, irin na garuruwan Girimsbi da Hal a Ingila. Jan taru aiki ne na nauyi da haƙuri, saboda haka a kan yi jirgin da ciki mai zurfi, da inji mai jurewa, da wurin mai wadatacce. Masu yawo suka ari siffar da sunan, suka bar wa masunta tarunsu.

Bambancin yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Jirgin gudu gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, jikinsa sakayau. In an ba shi wuta sai ya ɗaga ƙirji ya hau bisa fuskar ruwa yana sulɓi, ya yi mil 25 ko 30 a sa'a. Tirola kuwa ba ya hawa. Cikinsa a kumbure ya ke, da ƙashin baya mai tsawo wanda ke kare farfela, kullum yana nutse daidai nauyinsa, yana keta ruwa yana ture shi gefe. Ga fatake, misalinsu doki ne da raƙumi.

To, jirgin da ke keta ruwa yana da haddin da ba ya wucewa, kuma haddin nan yana da hisabi. A auna tsawon jirgi daidai inda ruwa ya tsaya masa, a nemi lambar da in an buga ta a kanta za ta ba da tsawon nan, sa'an nan a ƙara mata sulusinta. In tsawon ƙafa 36 ne, lambar 6 ce, domin 6 sau 6 shi ne 36. Sulusin 6 kuwa 2 ne, watau mil 8 a sa'a. Mil na teku a ke nufi, mai ƙafa 6,076, ba na tudu mai ƙafa 5,280 ba. Dalili shi ne jirgi yana tayar da igiyar ruwa a goshinsa, kuma yayin da ya kai wannan gudu tsawon igiyar ya kan yi daidai da tsawonsa, sai ya zauna cikin kwarinta. Duk wutar da aka ƙara bayan haka mai ne a ke ƙonawa don a haƙa rami a ruwa.

Ribar jinkirin tana ga mai. Tirola mai ƙafa 36 da inji ɗaya na gas, mai ƙarfin doki 120, galan 2 ko 3 ya kan sha a sa'a. Jirgin gudu mai girmansa, da inji biyu, ya kan sha ninkin wannan sau goma, ga tankinsa ba ya iya yin girma don kada nauyi ya hana shi tashi. Shi ya sa ba ya nisa da gaɓa.

Wani hafsan sojan ruwa na Amurka, Robert Beebe, shi ne ya nuna iyakar abin. A 1963 aka ƙera masa jirgi mai ƙafa 50 a Singafo, ya sa masa suna Passagemaker, ya ƙetare tekun Atlantika da shi, a 1975 kuma ya wallafa littafi a kan wannan ilmi. A 1965 kamfanin American Marine ya fito da Grand Banks 36, na katako, ƙirar Hon Kon, wanda ya ci sunan wata shahararriyar masunta da ke gabas da Kanada. Daga 2001 zuwa 2002 wani Nordhavn mai ƙafa 40 kacal ya kewaye duniya.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Ciki mai kumburi yana tangaɗi dama da hagu har ya tayar wa matafiyi da zuciya. Beebe ya ari dabarar masunta, watau a miƙa sanduna biyu a gefen jirgi, a rataya musu faranta na ƙarfe su nutse cikin ruwa su riƙe shi. Kuma in hadari ya taso, mai mil 8 ba ya tsere masa, sai dai ya jure.

Da sunan ya yi kasuwa, maƙera suka shiga ɗora ɗakin tirola a bisa gindin jirgin gudu. Kamfanin Beneteau na Faransa yana da wanda ya kira Swift Trawler, ma'ana tirola mai sauri, abin da hisabin can na sama bai yarda da shi ba. Jirgi ne mai kyau, amma in ya yi gudunsa sai ya sha man masu gudu. Saboda haka gwanayen saye ba su kan tsaya ga suna ko fenti ba. Su kan sa a ɗaga jirgi daga ruwa su dubi cikinsa, sa'an nan su tambayi galan nawa tankinsa ke ci, mil nawa kuma zai kai da shi.