Shirin Musamman: Sojan da Barci Ya Kwashe

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu yi abin da rediyo bai saba ba, za mu duba hotuna. Ku ba ni aron kunnuwanku, ni kuma in zama idonku.

Ga wani saurayi kwance a kan katifa a ɗakin katako, babu riga a jikinsa. Ya dunƙule, ya tallafe kumatu da hannu, baki a ɗan buɗe. Da safe yana riƙe da bindiga mai sarrafa kanta. Yanzu barci ya kwashe shi, kuma ko kusa bai yi kama da mayaƙi ba.

Tim Hetherington, ɗan Birtaniya da aka haifa a 1970, shi ya ɗauki hoton. Tsakanin 2007 da 2008 ya riƙa zama da wata rundunar sojan Amurka a kwarin Korengal da ke lardin Kunar, gabashin Afganistan, tare da marubuci Sebastian Junger. Sansaninsu na kan dutse, sun raɗa masa suna Restrepo don tunawa da jami'in jinyarsu da aka kashe a 2007.

Junger ya ba da labari cewa wata rana da zafi ya yi tsanani, ba a harbi, sojoji duk sun mimmiƙe, sai ya ga Hetherington yana sanɗa daga gado zuwa gado da kyamara. Da ya tambaye shi dalili, sai ya nuna masa cewa kullum ana ganin waɗannan samari da taurin fuska, amma a cikin barci sun koma yara, yadda iyayensu mata suke tuna su. Jerin hotunan da ake kira Sleeping Soldiers, wato sojoji masu barci, daga nan ya samo asali.

(KIƊA A TAƘAICE)

Me ya sa sai da barci? Domin namiji idan ya ga kyamara, shiri yake yi. Ya ɗaure fuska, ya buɗe ƙirji, ya ba mai hoto jarumin da yake so a gani. Gwanintar ita ce a riske shi kafin ya shirya, ko bayan ƙarfin shirin ya ƙare.

Rineke Dijkstra, mai ɗaukar hoto 'yar ƙasar Holan, ta bi hanya ta biyu. A 1994 ta tsayar da samarin Fotugal masu tarar bijimi da hannu, daidai lokacin da suka fito daga fili. Jini a kumatu, riga a yage, ido ya yi zuru-zuru. Gajiya ta hana su yin kurin da suka shiga da shi.

Sai dai akwai abin dubawa. Sojojin Korengal ba baƙin ziyara ba ne, yaƙi ya kai su, kuma mazauna kwarin sun ɗanɗana kuɗarsu. Hoto mai taushi yana iya mantar da mai kallo wannan. Hetherington bai kau da kai ba: a bidiyon da ya haɗa daga baya, ya ɗora ƙarar jirage da hotunan artabu a kan fuskokin masu barcin. Abin da yake nunawa shi ne, mai harbin da mai tsoron mutum ɗaya ne, kuma yawancinsu ba su daɗe da cika shekara 20 ba.

Fim ɗin Hetherington da Junger mai suna Restrepo ya fito a 2010, har ya shiga takarar kyautar Oscar. Ranar 20 ga Afrilu, 2011, aka kashe Hetherington a birnin Misrata na Libiya yana bakin aiki, yana da shekara 40. Ayyukansa yanzu suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Landan.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFEWA)